Mutumin da Ke Karɓar 'Ya'yan da Likita Ya Sallama

Wajen ƙarshen shekarar 2010 aka haifi wata yarinya a Amurka, wani ɓangare na ƙwaƙwalwarta ya leƙo waje ta wata kafa da ba ta rufe ba a ƙoƙon kanta. Likitoci suna kiran wannan lalura ensefalosil. Tana somawa tun mako na uku zuwa na huɗu da shigar ciki, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. A kwanakin ne abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake naɗewa ya rufe. In ya bar gurbi ta sama, ƙwaƙwalwa ta bi ta nan. In ta ƙasa ne, a haifi jariri da ƙari ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya. A Amurka, cikin haihuwa wajen 10,000 akan samu ɗaya mai irin ta wannan yarinya.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi mata aiki ba da jimawa ba, suka cire abin da ya fito. Wanda ya rage a ciki bai gama ginuwa ba, ba kuma zai gama ba. Ba ta gani, ba ta ji, hannuwa da ƙafafu a shanye, farfaɗiya kuwa kullum sai ta kama ta. Riƙonta ya koma hannun hukumar kula da yara da iyali ta gundumar Los Anjelis.

A 2017 wannan hukuma tana sa ido a kan yara kimanin 35,000. A cikinsu, kowane lokaci akwai wajen 600 da ciwonsu ya yi tsananin da sai an ware musu sashe na musamman. Irin waɗannan akan bar su ne a gidajen jinya, ko a ba wata nas da ta yarda ta riƙe su. Amma in yaro ya kai matsayin da likita ya ce babu sauran dabara, a kai shi gida ya ƙarasa kwanakinsa, sai a rasa gidan. Wata ma'aikaciyar hukumar mai nemar wa yaran masauki, Melissa Testerman, ta shaida wa jaridar Los Angeles Times cewa in aka bugo musu waya da irin wannan batu, suna ɗaya ne kawai ke faɗo musu a rai.

Sunan shi ne Muhammad Bzeek. Yarinyar tana da wata ɗaya a duniya ya ɗauko ta ya kai gidansa a Azusa, wani ƙaramin gari a gabashin Los Anjelis. Kafin ita ya riƙe yara uku masu irin lalurarta, don haka ya san abin da ya ɗauko.

Mutumin Libiya ne, babba a cikin 'ya'ya 10 na gidansu. Karatu ya kai shi Amurka a 1978. Mai jiki ne, mai dogon gemu, maganarsa a hankali. Ba likita ba ne, ba kuma malamin jinya ba. Mace ce ta sa shi a wannan hanya. Sunanta Dawn, Ba'amurkiya da kakanninta suka yi riƙon yara, ita ma ta soma tun farkon shekarun 1980, kafin su haɗu. Gidanta ake kai yaran da aka ƙwato daga hannun masu gallaza musu, ko waɗanda ake buƙatar a sama musu wurin kwana cikin gaggawa. Daga 1989 suka ci gaba da aikin tare a matsayin miji da mata. Yara da dama sun shiga gidan sun fita, har ta kai su biyun suna koyar da masu son riƙo yadda ake kula da yaro marar lafiya, da yadda ake jure rashinsa.

Rashin farko ya same su a 1991. Wata ma'aikaciyar gona ce ta shaƙi maganin ƙwarin da jirgi ke fesawa a gonaki tana da ciki, ta haifi 'ya mai matsalar ƙashin baya. Jaririyar ta zo gidan Bzeek a ɗaure da filasta jiki duka. Ranar 4 ga Yuli, 1991, ranar da duk Amurka ke bikin 'yancin kai, suna cikin haɗa abincin dare, ta cika. Ba ta rufa shekara ba. Shekara 25 bayan nan hotonta yana nan a wurinsa, tana kwance cikin farar riga, kuma ya ce mutuwarta ta yi masa ciwo ƙwarai.

Mutane da yawa a nan za su tsaya, kuma babu wanda zai ga laifinsu. Su kuwa a tsakiyar shekarun 1990 suka yanke shawarar da ta sa nake ba da wannan labari. Suka ce daga yanzu yaran da za su riƙa karɓa su ne waɗanda likita ya sallama, waɗanda aka riga aka rubuta musu takardar cewa in numfashi ya tsaya kada a yi ƙoƙarin dawo da shi da na'ura. Dalilinsu guda ne: babu mai karɓarsu.

Akwai wani yaro da hanjinsa ya yi gajartar da ba ya iya tsotse abinci. Shekara 8 ya yi a duniya, a cikinsu an kwantar da shi asibiti sau 167. Bai taɓa sa loma a baki ba, ta roba ake ciyar da shi. Duk da haka in lokacin cin abinci ya yi sai su zaunar da shi a teburi tare da su, a ajiye masa farantinsa da cokalinsa, farantin babu komai a ciki. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba magani ba ne, bai ƙara wa yaron ko kwana ɗaya ba. Sun dai lura cewa yaron da ake ware shi lokacin cin abinci yana gane cewa shi ba ɗan gida ba ne, sai suka hana shi jin haka. Ni a wurina wannan faranti ya fi duk lambobin yabon da aka ba mutumin daga baya bayyana ko wane ne shi.

Akwai kuma wata jaririya mai lalurar ƙwaƙwalwa da ta yi kwana 8 kacal a gidan. Ƙanƙantarta ta kai sai mai ɗinka kayan 'yartsana aka samu ya ɗinka rigar da aka binne ta da ita. Bzeek da hannuwansa biyu ya ɗauki akwatin gawar, kamar wanda ya riƙo kwalin takalmi. Zuwa 2017 ya binne yara wajen 10, wasu a hannunsa suka cika. Ya sha faɗa cewa wasu jariran ko suna ba su da shi lokacin da ake kawo su, takardarsu tana cewa "jariri" ko "jaririya" kawai, shi yake raɗa musu.

A 1997 Allah ya ba su haihuwa, ɗa namiji, shi kaɗai ne na cikinsu. Ya zo da ciwon gautsin ƙashi, ga shi wada. Canja masa kunzugu ko sa masa safa yakan iya karya masa ƙashi. Wanda ya ɗauki 'ya'yan wasu masu nakasa, sai ga nasa ya zo da ita. Bai daina karɓar yara ba. Ya samu ɗan ƙaramin katakon guga ya sa masa tayoyi, yaron yana hawa yana tura kansa da hannu yana zagaya gida. Yana ɗan shekara 19, nauyinsa bai wuce kilo 30 ba, yana karatun kwamfuta a kwalejin Citrus, yana zuwa aji a keken guragu mai lantarki. Ya tashi yana ganin ƙannensa na riƙo suna zuwa suna rasuwa, uban kuma bai taɓa ɓoye masa halin da suke ciki ba.

Mu Hausawa ba baƙin riƙo ba ne. Ɗan fari a kai wa kaka. 'Yar ƙanwa a ba yayar da Allah bai ba haihuwa ba. In uwa ta rasu a kan gwiwa, kafin a share makoki goggo ko inna ta goya jaririn. Wannan ɗabi'a ta biyo kakanninmu da suka taho hajji ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya ta Sawakin, wasu suka zauna a Makka da Madina, wasu a kudancin Jidda. A Madain Fahd da unguwannin da ke kewaye da ita, a da ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da yaron da ba a nan aka haife shi ba, kuma ba za ka gane ba sai an gaya maka.

Amma a faɗi gaskiya, wane yaro ake rububin riƙo? Lafiyayye, mai wayo, wanda gobe za a aika kanti. Yarinyar da za ta kama aikin gida, ta girma a aurar da ita, a ce ga 'yar da wance ta riƙa. Riƙonmu yakan zo da sa rai, ko da na addu'a ne bayan an tsufa. Jaririn da aka haifa da babban kai, ko leɓe a tsage, ko ƙari a baya, ko wanda ya shekara wuyansa bai tsaya ba, shi ba a yin layi a kansa. Sai ka ji ana raɗa wai ɗan ruwa ne, wai aljanu sun musanya shi, wai uwar ta fita da tsakar rana ko da almuru tana da ciki. Ita ke goyon, ita ke shan zargin, wani lokaci har auren ya mutu a kai. Ban manta da iyaye mata da kakannin da suka shekara goma, ashirin, suna ɗaga yaro suna kwantarwa, suna wanke shi suna ba shi kunu da cokali, babu jaridar da ta san da su ba. Suna nan a Kano, suna nan a Maraɗi, suna nan a Jidda. Sai dai kusan dukansu jininsu ne suke riƙo. Wanda zai je ya ɗauko na wani, yana sane da cewa yaron ba zai taɓa kiransa baba ba, shi ne ake nema a rasa.

Shari'a ba ta rufe wannan ƙofa ba. Abin da ta hana shi ne a canja wa yaro nasaba, kamar yadda hukuncin ya sauka a Suratul Ahzab kan Zaidu ɗan Harisa, wanda ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW). Riƙo da ciyarwa da jinya kuwa falalarsu sananniya ce. Tsarin da Bzeek yake bi ma haka yake: yaran ba su zama magadansa ba, hukuma ce waliyyarsu, shi mai riƙo ne. A nan Jidda akwai ƙungiyar Widad, wadda aka kafa a 2008, mai nema wa jariran da ba a san iyayensu ba gidajen da za su riƙe su tun ba su kai shekara biyu ba. Sharaɗinta shi ne a shayar da jaririn, ko matar gidan ko wata makusanciya, don ya zama muharrami, ya girma babu shamaki tsakaninsa da mutanen gidan. A fatawar da ake bi a Saudiyya sai an shayar sau biyar. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, ko sau ɗaya nono ya isa ciki ya wadatar. Dokar ƙasar tana ɗaukar jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba a matsayin ɗan ƙasa, kuma 'yan ƙasa ake ba riƙonsa. Wanda ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, balle wanda ba shi da ita, nasa riƙon a tsakanin dangi da maƙwabta yake ƙarewa, kuɗin asibiti kuma daga aljihunsa. Rusau ɗin da aka yi a unguwannin kudancin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya raba maƙwabtan da suka shekara da shekaru tare, kuma uwar yaro mai nakasa ta fi kowa sanin darajar maƙwabciyar da za ta bar wa shi ta je kasuwa.

Ita kuma lalurar da ake ɗora wa aljanu, likitoci sun san wani babban sanadinta, wato ƙarancin sinadarin folik asid a jikin uwa. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya mai araha, irin wadda ake bayarwa wajen awo, maikirogiram 400 a kullum. Matsalar ita ce sai an fara sha tun kafin ciki ya shiga, mu kuwa matanmu sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar suke zuwa awo, alhali abin ya riga ya faru tun watan farko. Shi ya sa wasu ƙasashe suke zuba sinadarin a garin fulawa. Amurka ta wajabta haka daga 1998. Saudiyya ta soma a 2001, kuma binciken da aka yi a asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ya nuna irin wannan nakasa ta sauko daga 1.9 zuwa 0.76 a cikin kowace haihuwa 1,000. Ba duka take hanawa ba. Za a ci gaba da haihuwar irin waɗannan yara, kuma kowannensu sai ya buƙaci hannun da zai ɗauke shi.

Mu koma gidan Bzeek. Wajen shekarar 2000 Dawn ta kamu da rashin lafiya. Farfaɗiya mai ƙarfi takan buge ta, ta yi kwanaki ba ta da kataɓus. Matar da ake gayyata ta yi magana a tarurrukan jiha kan riƙon yara ta koma ba ta iya fita daga gida. Ciwon ya ci zaman nasu, suka rabu a 2013, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ta rasu. Bzeek ya rage shi kaɗai, ga ɗansa, ga yarinyar nan.

Ga yadda kwanansa yake da ita a wancan lokaci. Aƙalla awa 22 cikin 24 tana haɗe da robar abinci da ta magani. A kan doguwar kujera take kwana, shi kuma yana kwance a wata kujerar kusa da ita, don in ta shaƙe ko farfaɗiya ta taso cikin dare ya ji. Da rana wata nas tana zuwa ta karɓe shi, a lokacin ne yake samun zuwa cefane da masallaci. Tunda ba ta gani ba ta ji, ta fata kawai ake isa gare ta, don haka yawancin lokaci tana jikinsa, yana shafa ta, yana riƙe hannunta. Kuma yana yi mata magana. Da aka tambaye shi, ya ce ya san ba ta ji, amma tana da rai, tana jin daɗi da zafi, mutum ce. Ya ce ya san yaran nan za su mutu. Shi dai yana yin iyakar abin da ɗan Adam zai iya, sauran ya bar wa Allah.

Likitarta a asibitin yara na Los Anjelis, Dakta Suzanne Roberts, ta ce tun yarinyar tana da shekara 2 suka ƙure duk dabarar da suke da ita. Amma ga ta ta kai shekara 6, nauyinta kilo 15. Likitar ta ce in tana cikin lafiya takan yi kuka don a ɗauke ta, tana da hanyar nuna abin da take so, kuma rayuwarta ba wahala ce zalla ba, akwai lokutan da take cikin natsuwa da jin daɗi. Ta ce Muhammad ne sanadin wannan duka. Shaidar likita ce.

A ƙarshen 2016 shi ma ciwo ya zo masa. Aka gano yana da kansar hanji, aka ce sai an yi aiki. Yana da shekara 62, matarsa ta rasu, ɗansa ba zai iya jinyarsa ba, danginsa suna Libiya. Shi kaɗai ya je asibitin. Duk Bahaushen da ya taɓa kwanciya asibiti a ƙasar da ba tasa ba, babu mai kawo masa ruwan zafi, babu mai cewa sannu, ya san wannan kaɗaici. Daga baya ya shaida wa gidan talabijin na PBS cewa tsoro ya kama shi, sai ya tuna da yaran: in shi dattijo ya ji haka don babu mai ce masa komai zai yi daidai, ina ga yaron da tun haihuwarsa a haka yake? Da aka sallame shi ya koma kujerarsa ta kusa da yarinyar.

Har zuwa lokacin, ban da ma'aikatan hukuma da na asibiti, kusan babu wanda ya san shi. A watan Fabrairun 2017 'yar jarida Hailey Branson-Potts ta buga labarinsa a Los Angeles Times. Ƙasa da mako biyu kafin nan Shugaba Trump ya sa hannu a kan dokar hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka, Libiya tana ciki. Amurkawa da yawa sun karanta labarin da wannan a ransu: ga Musulmi ɗan Libiya yana riƙe da 'ya'yansu da su kansu suka kasa karɓa. Aka buɗe masa asusun taimako a intanet, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka tara ɗaruruwan dubban daloli. A 2018 Gidauniyar Diyanet ta Turkiyya ta ba shi lambar yabonta ta ayyukan alheri, aka kuma shirya fim a kan rayuwarsa.

Da aka tambaye shi me zai yi da kuɗin, abubuwan da ya lissafa na gida ne: a gyara rufi, a sa na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi, a sayi motar da keken guragu zai iya shiga, a biya kuɗin karatun ɗansa, a kuma ɗauki nas ta biyu, domin ya yi shekaru bai samu hutun yini guda ba.